Yelwa: Daga Ganuwa Zuwa Gungu, Daga Gungu Zuwa Tudu

Wanda ya biyo babbar hanyar da ta taso daga Kontagora za ta Koko da Jega, in ya iso Yelwa, abin da yakan tsaya masa a rai bai wuce buhunan albasa a gefen titi ba, da ƙanshin bandar kifi, sai kuma faɗin ruwan da zai hango ta yamma in ya gangara wajen kasuwa. Yawancin masu wucewa suna ɗauka nan garin yake tun fil azal, kuma yaranmu na yanzu ma haka suke zato. Alhali kuwa in aka auna da shekarun masarautar Yauri, jiya-jiya Yelwa ta zama gidan sarki, wato a 1888. Wani babban yanki na waccan Yelwar ma yana kwance a ƙarƙashin ruwa tun 1968. Sau biyu fadar Yauri tana ƙaura a cikin shekara hamsin, a karo na uku kuma garin ne da kansa ya tattara ya hau tudu. Duk wanda yake son ya gane dalilin wannan tashi-tashi, sai ya fara da kallon kogin.

A yawancin ƙasar Hausa, in ana maganar mafarin gari, dutse ake nunawa. Kanawa su nuna Dala, Zage-zagi su nuna Turunku da Kufena, Zamfarawa su nuna Kwatarkwashi. Mutum in yana gudun wanda ya fi shi ƙarfi, wurin da doki ba ya hawa yake nema. Haka abin yake har a wata nahiyar: mabiya ɗarikar Mormon da aka kora daga jihar Illinois ta Amurka a 1846, cikin manyan duwatsun yamma suka shige, suka sauka a kwarin Salt Lake a 1847, suka rayu da noman ban-ruwa a inda ba wanda ya yi kwaɗayin binsu. Ƙasar Yauri ma tana da nata duwatsun, musamman ta gabas, kuma Kambari da Dukawa sun sha fakewa a cikinsu a zamanin hare-hare. Amma mafakar da ta tsara tarihinmu tana tsakiyar ruwa. Gungu shi ne dutsenmu, domin doki ba ya hawa Dala, ba ya kuma ƙetare Kwara sai da yardar mai jirgi.

Kwara ta shigo Nijeriya ta wajen Gaya, ta karɓi ruwan gulbin Sakkwato, ta miƙo kudu maso gabas, sai da ta zo daidai Yelwa ta karkata ta fuskanci kudu sosai. Kafin a yi madatsa, daga nan ne halinta yake sauyawa. Daga Yelwa zuwa sama ruwa ne mai lafiya, jirgi yana tafiya har Gaya da gaba. Daga Yelwa zuwa ƙasa kuwa sai ta rarrabu gida-gida, ta kewaye tsibirai manya da ƙanana, mafi girmansu Foge, sannan ta afka cikin duwatsun Busa, inda ruwa yake gudu yana tafasa har kusa da Jebba. Ke nan wanda ya sauko da kaya ta ruwa daga arewa, a wannan yanki ya kamata ya sauke. Wanda kuma ya zo da ayarin jakuna daga gabas yana son ƙetarewa zuwa Borgu, a nan zai sami mafitar da ba ta cin rai. Arzikin Yauri na farko a wannan lanƙwasa ya tsiro.

Akwai kuma wata baiwa da Allah ya yi wa wannan yanki na kogin, wadda ba kowane kogi yake da ita ba: sau biyu yake cika a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, wanda damunarmu ta nan kusa take kawowa, ya zo da laka ya yi fari-fari, ya kai maƙura wajen Satumba da Oktoba. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan ruwan sama ne da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini, ya bi ta Mali, ya yi watanni yana yawo a cikin fadamun da ke gabanin Tumbuktu, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso mana garau a tsakiyar sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin da rijiyoyin tudu suke ja da baya, ciyawa ta bushe, hunturu yana fasa leɓe, a lokacin ne kogi yake sake tasowa har bakin gona. Wanda bai san da baƙin ruwa ba, ba zai gane yadda aka yi albasar Yauri ta yi suna ba.

Mutanen da suka fi kowa sanin wannan sirri su ne waɗanda Hausawa suke kira Gungawa, wato mutanen gungu. Kalmar gungu kanta akwai ta a harshen Zabarmawa da ma'anar tsibiri, abin da yake nuna daɗewar cuɗanyarmu da mutanen saman kogi. Su dai sunan da suke kiran kansu shi ne Bareshe, harshensu kuma Tsureshe. An fi saninsu da kamun kifi da kokawa, amma gaskiyar magana manoma ne na ƙwarai. Da damuna su ƙetara tudu su yi gero da dawa, a fadama su yi shinkafa, da rani kuma su yanka fangali ƙanana a gaɓar kogi, su zuba taki, su dasa albasa, su yi ta ɗibar ruwa da ƙwarya suna watsawa safe da yamma. Aiki ne mai cin baya, amma ya sa ƙaramin fili yana ciyar da babban gida. A kusa da su akwai Lopawa, akwai Shangawa ta arewa, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Busa ne, akwai kuma Sarkawa, masuntan da suka gangaro daga wajen Kabi, waɗanda su kam ruwa ne gonarsu.

Jerin sarakunan da fada take riƙe da shi ya faro ne daga Tafiraulu, a 1411. Masana sun tafi a kan cewa mutanen kogin ne suka kafa tushen mulkin, daga baya Hausawa, waɗanda labarin baka yake dangantawa da Katsina, suka shigo ta hanyar fatauci har sarauta ta koma hannunsu. Cibiyar wannan mulki ita ce Birnin Yauri, wadda take kan tudu, kimanin kilomita 14 kudu maso gabas da Yelwa ta yau, a cikin ƙaramar hukumar Ngaski. A littattafan makaranta an jera Yauri a cikin Banza Bakwai, tare da Zamfara da Kabi da Nupe da sauransu. Wannan suna bai taɓa yi mana daɗi ba, kuma bai dace da abin da ya faru ba. Ƙasar da fataken Kano da Katsina ba su iya kai wa Gwanja sai sun biya mata kuɗin fito, ai ba a kira ta banza ba sai dai a bayan idonta.

Hanyar goro ce ta ɗaukaka Birnin Yauri. Ayari yakan taso da kanwa da tufafin rini da fatu da dabbobi, ya keto ta Zamfara ko ta ƙasar Gwari, ya yada zango a Yauri, a fitar da shi zuwa Borgu, ya bi ta Nikki da Zugu har Salaga, ya komo da goro bayan watanni masu yawa. Kowane zuwa da kowace komowa, sarki yana da rabo, mai jirgi yana da rabo, mai masauki da mai tuwo ma haka. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, a kan Yauri ta ƙarni na 19 ya yi bincikensa na digiri na biyu a Zariya a 1968, kafin ya faɗaɗa nazarin zuwa yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma. Ba mamaki ɗan wannan ƙasa ya yi irin wannan tambaya, tun da a ƙofar gidansu ayarin yake wucewa.

Da jihadin Shehu Usmanu ya tashi a 1804, sarkin Yauri na lokacin, Muhammadu Albishir ɗan A'i, ya duba ya ga abin da ya sami Alkalawa da Birnin Kabi, sai ya zaɓi amana. Ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka bar masa sarautarsa. Shi ya sa har yau gidan da yake mulkin Yauri tsohon gidan Hausa ne, irin wanda ba a samu da yawa ba a cikin daular Usmaniyya.

A zamaninsa ne kuma Turawa suka fara leƙo mu. Mungo Park ya taso daga Sansandi ta ƙasar Mali a cikin Nuwamban 1805, a wani jirgi da ya harhaɗa, ya iso ruwan Yauri a farkon 1806. A nan tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi, domin yarjejeniyarsu iyakarta ƙasar Hausa. Bayan ƴan kwanaki Park ya halaka a duwatsun Busa. Labarin da Amadi ya bayar daga baya shi ne, wani hakimi ne ya danne kyautar da Park ya aika wa sarki, sarki ya ji haushi ya tura mayaƙa. Mutanen Busa kuma nasu labarin daban ne. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, mutumin da ya sauko kogi fiye da kilomita dubu lafiya, a ƙasa da Yauri kaɗan ruwa ya ci shi, daidai inda kowane Bagunge zai gaya masa kada ya shiga ba jagora.

Shekara 24 bayan haka, a Yunin 1830, wasu ƴan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Birnin Yauri neman takardun Park. Sarki ya riƙe su sama da wata guda yana yi musu gobe-jibi, ba su sami takardun ba, amma sun bar mana hoton birnin a rubuce. Sun ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 20 zuwa 30, da manyan ƙofofi takwas. Sun ga ana haɗa albarushi, ana ɗinka sirdi, ana saƙa, ana noman baba da taba da alkama da albasa, da shinkafa mai ɗimbin yawa. Ko da an rage wani abu daga lissafin baƙon da bai auna da igiya ba, sauran ganuwar da ke nan har yanzu ta isa shaida cewa birni ne na gaske. Mu lura kuma da albasa a cikin jerin nan: kusan shekara 200 ke nan tana cikin kayan da ake sanin Yauri da su.

Abin da bai ci birnin daga waje ba sai ya ci shi daga ciki. A 1844 aka kori Sarki Jibrilu Gajere, rikicin gadon sarauta ya zama yaƙin basasa tsakanin ƴaƴan gida ɗaya, kowane ɓangare yana neman mai taimaka masa daga waje. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Wanda ya shigo kuwa ba ƙaramin ƙadangare ba ne: Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, wanda ya kafa Kontagora a wajen 1864, shi da ɗansa Ibrahim suka mai da gabashin ƙasar Yauri wurin farautar bayi. Ƙauyukan Kambari suka watse, wasu suka hau duwatsu, wasu suka nufi bakin ruwa. Ganuwa mai faɗin nan tana bukatar dubban mutane kafin a tsare ta, ga shi mutanen sun ragu. Tun wajen 1850, a zamanin Ɗan Addo, fada ta bar Birnin Yauri ta koma tsibirin Ikum a tsakiyar Kwara.

Wannan ƙaura tana da abin lura. Sarakunan da suka yi ƙarnuka suna karɓar haraji daga mutanen gungu, da rana ta ɓaci, wurin mutanen gungun suka gudu. Dawakin Kontagora suna iya kaiwa gaɓa, amma daga nan sai kallo. Shekara kusan arba'in masarautar tana raye ne da ƙarfin jiragen Gungawa da sanin da suka yi wa kowane lungu na ruwa. Duk tarihin Yauri da aka rubuta ba a ba su wannan haƙƙi ba, an tauye shi.

Amma ba a mulkin ƙasa daga tsibiri har abada. Da Abdullahi Abarshi ya rinjayi abokan hamayyarsa, ya zama sarki a 1888, bai koma Birnin Yauri ba, bai kuma zauna a Ikum ba. Ya zaɓi Yelwa, wani tsohon mazaunin mutanen kogi a gaɓar gabas. Dabarar a fili take: ƙafa ɗaya a tudu, inda kasuwa da ayari suke, ɗaya a ruwa, inda za a tsallaka in an ga ƙura ta taso. Gidan Abarshi ne yake kan gadon har yau.

Bai daɗe da zama ba sai ga wasu baƙin ta ruwa, waɗanda tsibiri ba ya tare su. Kamfanin Royal Niger ya kafa wurin ciniki a Yelwa a 1896, lokacin da Ingila da Faransa suke rige-rigen mallakar Borgu. A Oktoban 1898 wani hafsan sojan Ingila mai suna Keating ya je wani tsibiri kusa da Yelwa, wanda Turawa suka rubuta sunansa Hela, yana neman a ba shi jirage da ƙarfin tsiya. Mutanen suka ƙi, faɗa ya kaure, aka kashe shi da mutanensa fiye da goma. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni ƙwarai a kan mutanen tsibirin. A garinsu Halifax ta ƙasar Kanada an dasa itace don tunawa da shi. Waɗanda suka mutu suna kare jiragensu kuwa, ko allo ba a kafa musu ba. A 1901, shekarar da aka ci Kontagora, Yelwa ta shiga hannun Ingila sosai.

Zamanin Turawa ya zo da nasa rikicin. A 1915 suka tuɓe Sarki Jibrilu, suka naɗa wani Aliyu wanda ba ɗan gidan ba, suka kuma sa Busa a ƙarƙashin Yauri, abin da ya jawo tawayen Busa a wannan shekarar. Sai a 1923 sarauta ta koma gida, aka naɗa Abdullahi, wanda ya yi shekara 32 a kai. A 1924 aka rushe lardin Kontagora, Yauri ta koma lardin Sakkwato, inda ta zauna har aka yanke jihar Kebbi a 1991. Amma abin da ya fi taɓa aljihun Yelwa a wancan zamani ba a Yelwa aka yi shi ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo, ayarin jakuna ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Garin ya koma dogaro da abin da ƙasarsa da ruwansa suke bayarwa: kifi, shinkafa, albasa, da ɗan zinariyar da ake tona a wajen Birnin Yauri.

Sai maganar madatsa. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin tarayya ta ƙudura samar da wutar lantarki daga Kwara. Aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja a 1962, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, kamfanin Impregilo na Italiya ya fara aiki a tsibirin Kainji a 1964. Yaƙin basasa bai tsayar da aikin ba. A 1968 aka toshe kogi, a Fabrairun 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar. An tsara ta da gurbin injin 12, aka sa 8, masu ba da megawat 760. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 135 ko kusa da haka, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200, kuma wutsiyarsa ta arewa a Yelwa take.

A takarda, mutum kimanin 44,000 aka tayar, daga garuruwa da ƙauyuka 239, aka zuba su a sababbin matsugunai 141. In aka kwatanta da mutum kusan 80,000 da madatsar Akosombo ta tayar a Ghana, ko mutanen Wadi Halfa na Sudan da aka kwashe zuwa ɗaruruwan kilomita a 1964, sai a ce namu da sauƙi, domin yawanci ba a kai su nesa ba. Har ma akwai masana da suke lissafa Kainji a cikin ƙaurar da aka yi da dama-dama. Amma lissafin kai ba ya nuna abin da kowa ya rasa. Busa ta nutse ɗungurungum aka gina mata sabuwa. Foge ta nutse. Unguwannin Yelwa na bakin ruwa suka tafi, mutanensu suka hau tudu a zamanin Sarki Muhammadu Tukur. Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne Gungawa, domin su ba gida kaɗai suka rasa ba, har da irin ƙasar da sana'arsu ta ginu a kai.

Da farko kuɗin diyya aka riƙa biya, a ce kowa ya gina nasa. Da aka ga ruwa yana tafe, gini bai tashi ba, sai hukuma ta karɓi aikin, aka ɗauko wani mai zanen gine-gine Bature, Robin Atkinson, ya tsara gidajen. Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajenmu, har da zagayayyun ɗakuna, amma da bulon siminti da rufin asbestos. Wanda ya taɓa kwana a irin ɗakin nan a watan Afrilu ya san bambancinsa da ɗakin laka mai jinka. Da zafi tanda ne, da sanyi kuma randa. In ya tsage, mai gida ba shi da abin gyara, alhali ɗakin laka da ƙasar bayan gida ake yaɓe shi. Shi ya sa a ƙauyuka da dama mutane suka gina nasu na laka a gefe, suka bar na gwamnati ga awaki da hatsi. Wanda ya bi ƙauyukan bakin tafki a Ngaski ko gundumar Gungu har yanzu zai ga ragowarsu a jere.

Babbar asarar dai ita ce ta gaɓa. Tsohon kogi yana da gaɓa mai tsayi da ƙasa mai taushi, ruwa a kusa, ƙwarya ta isa. Tafki kuwa bakinsa shimfiɗaɗɗe ne, kuma injiniya ne yake juya shi: a cika shi da farin ruwa da baƙin ruwa, sannan a yi ta zuƙe shi har ya sauka kimanin mita 10 kafin wata damunar. A wuri mai shimfiɗa, saukar mita 10 tana iya janye ruwa nesa ƙwarai daga inda aka dasa albasa. Shekarun farko noman ya durƙushe a wurare da yawa. Abin da ya tashe shi daga baya shi ne naci irin na manoman, da kuma zuwan ƙananan injinan ban-ruwa masu shan fetur. Yau albasar Yauri tana cika manyan motoci zuwa kudu, amma mai inji da kuɗin mai ne yake gaba, ba mai ƙwarya da ƴaƴa da yawa ba.

Kifi ma ya yi nasa wasan. Da ruwa ya hau kan dazuzzuka da gonaki, abinci ya yalwata, falia da karfasa da giwan ruwa suka yi yawan da ba a taɓa gani ba. Masunta suka kwararo daga Kabi da Nupe da ƙasar Nijar da Mali, kasuwar kifin Yelwa ta zama ta a-zo-a-gani. Cikin ƴan shekaru kamun ya faɗi warwas. Aka koma kan warangi, ɗan ƙaramin kifin nan da ake shanyawa, ana jan sa da babbar komar da ake kira dala, wadda ba ta barin ko ƴaƴan manyan kifaye. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi aiki da sarakunan ruwa don a hana dala, aka kuma yi fama da kainuwar da ta rufe mashigai. Dokar tana nan. Kiyaye ta kuwa ya danganta da wanda yake kallo.

Akwai kuma abin da ruwan ya ɓoye. Ba duk itatuwan da ke cikin kwarin aka sare ba kafin a toshe kogi, kututtukansu suna nan a tsaye a ƙarƙashi, kuma in ruwa ya ja baya su ne tarkon jirage. Ga tsofaffin jiragen katako, ga lodin da ya wuce kima, ga ƙarancin rigar ruwa, ga shi kuma babu gada a wannan yanki, wanda zai je Rofiya daga Zamare dole ya hau ruwa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya tsage a kusa da Wara, hedikwatar Ngaski. Waɗanda aka ceto da rai ashirin da ƴan kai ne. Duwatsun da suka ci Mungo Park sun nutse, amma ruwan bai daina ci ba.

Ita kuwa wutar da aka yi duk wannan dominta, manyan wayoyinta sun bi ta ƙasarmu zuwa Birnin Kebbi, daga can har Yamai, wadda take shan wutar Nijeriya tun 1976. A ƙarƙashin wayoyin nan akwai ƙauyukan da aka tayar saboda madatsar, waɗanda har yau da fitilar hannu suke kwana. Dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, an sa mata hannu a 2010, shekara 42 bayan ruwa ya hau, kuma sai da aka ƙara wasu shekara goma kafin ta fara aiki.

Wani abin da ya tafi a hankali, ba a ji ƙararsa ba, shi ne harshe. A tsibiri, Tsureshe ne harshen gida da na gona da na jirgi. A tudu, kusa da hanya da kasuwa da makaranta, Hausa ce. Wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya zauna a Yauri bayan tashin, ya rubuta yadda Gungawa suke rikiɗewa su zama Hausawa, ta hanyar addini da aure da zaman gari. Abin ya faro tun kafin madatsa, amma ita ta ƙara masa gudu. Shanganci ma ya koma ƴan ƙauyuka kaɗan a bakin kogi. Da yawa daga cikinmu da muke cewa mu Yawurawa ne, in muka bi kakanni biyu ko uku baya, a wani gungu za mu tsaya, amma ko gaisuwa ba mu iya ba da harshen wurin. Bikin Rigata da ake yi a zamanin Sarki Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gado a 1999, yana fito da tseren jirage da nuna bajintar ruwa a gaban manyan baƙi, kuma abin sha'awa ne. Sai dai rana ɗaya ce a shekara, harshe kuwa kullum yake son a yi shi.

Birnin Yauri, wadda fada ta bari a zamanin yaƙin basasa, ta sake jin irin wannan ƙura ranar 17 ga Yunin 2021, da ƴan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke garin suka kwashe ɗalibai da malamai. Ƴan mata na ƙarshe a cikinsu sai a 2023 suka dawo gida. A shekarun nan mutanen ƙauyukan gabas da dama sun kwana a Yelwa ba don sun so ba, wasu kuma sun tsallaka ruwa, kamar yadda kakanninsu suka yi a zamanin Nagwamatse. Bambancin shi ne yawancin tsibiran da aka gudu zuwa cikinsu a wancan karo yanzu babu su.

Ragowarsu takan leƙo ne in tafki ya ja baya, daga bazara zuwa farkon damuna. A lokacin sai ka ga filin Foge ya fito, masunta sun kafa bukkoki, Fulani sun gangaro da shanu suna cin burgu, manoma suna bin ruwa a baya suna shuka a kan laka. Tsofaffi sukan nuna wa yara inda wata kuka take a da, ko inda aka yi makabarta. Wajen watan Agusta farin ruwa ya fara shigowa, a kwance bukkoki, a loda tukwane da kaji a jirgi, a koma tudu.